Gaisuwar da Aka Amsa

Ƙawata, matso kusa, ki rage ƙarar rediyon nan. Labarin wata mai ɗinki zan ba ki, matar wani direban babbar mota.

Yamma ce kamar kowace. Rana ta yi ja, an kusa kiran magariba, tana kan keken ɗinki tana kalmasa bakin wata riga. Babbar 'yarta, wadda ƙanne ke kira Yaya, tana kwashe shanya a tsakar gida. Sai dutse ya faɗo kan kwanon rufi, ya gangara a hankali har ya tsaya. Mai ɗinki ta ɗauka yaran maƙwabta ne. Can sai ta ji murya daga bayan labulen ƙuryar ɗaki, mai sanyi, irin ta baƙon da ya san ladabi: "Ina wuni?"

Bakinta ya riga hankalinta. "Lafiya lau," ta ce, ƙafarta na kan taka keke. Da ta ɗaga labulen, babu kowa, sai gadon jaririn da ta rasa bara, jingine da bango.

Tun rasuwar yaron nan barci ya ƙaurace mata. Abinci ya koma toka a bakinta. Takan zura zare a allura ta manta abin da za ta ɗinka. In kuka ya taso sai ta shiga banɗaki ta buɗe famfo. Salla ba ta wuce ta, amma in ta kai goshi ƙasa sai ta rasa abin da za ta roƙa. Duk da haka, in maigida ya bugo waya daga hanya, lafiya lau. In masu kawo ɗinki sun gaishe ta, lafiya lau. Surukarta, wadda ke zaune tare da su, ta riƙa ba da misali da ita a unguwa, wai ba ta taɓa ganin mai haƙuri irinta ba. Yabon nan shi ya sa wa bakinta kwaɗo.

Daga ranar da ta amsa gaisuwar nan, jifa ba ta fasa ba. Rana na faɗuwa sai su rufe tagogi, su taru a ɗaki guda, kowa na jin numfashin kowa. Masu kawo ɗinki suka janye ƙafa. Maigida ya dawo, ya ce in duwatsu ne a bar su su tara masa, dama yana son ƙara ɗaki. Ba wanda ya yi dariya, shi ma dariyar ba ta kai ko'ina ba.

Sai wata magariba Yaya ta yanke jiki ta faɗi a bakin famfo. Da ta buɗe ido, ba idonta ba ne. Ta daina ci, ta daina gane ƙannenta. Ko me aka tambaye ta, amsa ɗaya take bayarwa da wata murya mai kauri: lafiya lau.

Wata rana bayan la'asar aka zo da wani dattijon malami mai ruƙiyya. Ya zauna a tabarma, ya fara karatu ba gaggawa. Inuwa ta ci rabin tsakar gida kafin yarinyar ta fara mimmiƙewa. Ya tambayi wanda ke jikinta dalilin zaluntar baiwar Allah. Muryar ta ce shi bai yi kutse ba: ya yi gaisuwa, an amsa masa. Ta ce yana wucewa ne ya ga mace zaune kamar gidan da masu shi suka tashi suka bar fitila a kunne. Ita yake so. Yarinyar zaure ce kawai. A ba shi uwar, ya saki 'yar.

Malam ya ce ba a cinikin mutum, ya ƙara ɗaga murya. Abin ya yi gurnani, ya ce to a bar shi ya sake gaishe ta sau ɗaya. In ta ce lafiya, ya zauna, don baƙo ba ya gudun gidan lafiya.

Kan yarinyar ya juyo wajen uwar. Ga maigida, ga suruka da carbi, ga maƙwabciya a bakin ƙofa.

"Mai ɗinki, ina wuni?"

Kalmar ta riga ta hau harshenta, ta ji ɗanɗanonta. Ta dubi surukarta. Ta dubi leɓen 'yarta da ya bushe ya tsage.

"Ba lafiya," ta ce. "Ba na barci. Ba na jin daɗin komai. Akwai ranar da nake ganin yaran nan sun fi hutawa in ba ni."

Suruka ta buɗe baki za ta ce a yi istigfari, malam ya ɗaga mata hannu. Yarinyar ta yi atishawa mai ƙarfi, jikinta ya saki. Can ta ce, da muryarta ta gaskiya, "Umma, ruwa."

Malam bai tashi ba. Ya tambayi mai ɗinki yaushe rabonta da barci, yaushe rabonta da dariya, ko ta taɓa tunanin cutar da kanta. Ta amsa, kanta a ƙasa. Ya juya ga maigida ya ce nasa aikin ya ƙare, wanda ya rage na likita ne, gobe-goben nan a kai ta wurin masu duba lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma kada a bar ta ita kaɗai. Addu'a da magani, in ji shi, ba sa faɗa da juna. Maigida ya share ido da hularsa, ya ce shi da yake jin ƙarar inji ya san abin da ke damunsa, ya kasa jin na gidansa.

Ta je, ƙawata, ta rufe fuska da mayafi don tsoron a ce ta haukace. A kan bencin jira ta tarar da matar da ta fi kowa kawo mata ɗinki, ita ma fuska a rufe. Da ganin hannu suka gane juna. Ba su gaisa ba. Matar ta matsa mata wuri kawai.

Har yau ranar zuwansu asibiti ɗaya, kuma ba kullum ne mai ɗinki take tashi da sauƙi ba. Don Allah ki bar wannan tsakaninmu, kada ki gaya wa kowa. Ita waccan matar, mijinta bai sani ba tukuna.