Na'urar Kunnen Mma Nafi

Mma Nafi ta cire na'urar jinta ta ajiye a bakin taga don alwalar Azahar, kamar kullum, tunda dole ruwa ya taɓa kunne. Tana gamawa ta miƙa hannu, babu.

Ɗanta Tawfiq ne ya kawo mata ita daga Jamus. Shekara huɗu ke nan bai sake zuwa unguwarsu Maamobi ba, sai dai kiran Juma'a, kuma ta na'urar nan kaɗai muryarsa ke isa gare ta. Ran Laraba aka ɗauke.

Rashidatu mai gyaran waya a unguwar Nima, wadda aka kira ta taimaka, ba ta da haƙurin zargin baki. 'Yan gida sun riga sun yanke wa Shamima mai sayar da waake, wato shinkafa da wake, hukunci, don ta shigo ɗiban ruwa. Habib mai sayar da tsofaffin wayoyi ya yi ta rantsuwa tun ba a tambaye shi ba. Rashidatu dai ta zauna a tsakar gida da kwamfuta da ɗan abin da ke kama saƙonnin Bulutut, hanyar da na'urar ji ke haɗuwa da waya.

Da La'asar na'urar jin ta fara shelar kanta, tana neman waya. Sai ga saƙon neman haɗi daga wata waya. Rashidatu ta bi layukan da yatsa. Ta san baƙuwar waya sai ta fara gabatar da kanta, a yi musayar makulli. Wannan kuwa kai tsaye ta shiga, da tsohon makulli, alamar an taɓa haɗa su. Shamima da Habib sun fita daga zargi ke nan.

Ta kira Tawfiq ta tambaye shi wayoyin da ya taɓa haɗawa.

"Ta Mma. Sai ta Kawu Mahama, da ita na gwada ran farko, tata ba caji."

Mahama yayan Mma Nafi ne, ɗakinsa na ƙarshen gidan. Rashidatu da 'yan gida suka same shi zaune a bakin gado, na'urar a kunnuwansa, yana hawaye.

"Kawu, me kake ji?" in ji Rashidatu.

Ya juyo da wayar. Saƙon murya ne na matarsa Asana, wadda ta rasu bara, tana cewa ya biyo da gawayi in zai dawo. Ya ce kunnensa ya mutu tun kafin ita, girman kai ya hana shi faɗa. Ya san lokacin da ƙanwarsa ke cirewa. Sau ɗaya ya yi niyyar ji ya mayar, ya kasa.

Tausayi ya kama Rashidatu, amma ta karɓa ta saka wa mai ita, ta bayyana mata yadda aka yi.

Mma Nafi ta daɗe tana kallon yayanta.

"Yaya, Juma'a tawa ce, Tawfiq zai kira. Sauran kwanakin ka zo ka ɗauka. Amma yau sa mini Asana, ni ma ina kewarta."