Rarrafen Inna

"Wai ke har yanzu ba ki gama hira da mutanen cikin gilashin nan ba?"

Malama ta yi wuf ta kashe murya a laftof ɗinta, ta waigo. Uwar mijinta ce tsaye a bakin ƙofa, riƙe da ƙugu.

"Inna, darasi nake ba ɗalibai. Saura minti goma."

"Minti gomanki ba ya ƙarewa! Ga 'ya can tana neman nono, ke kina nan kina zuba wa allo Turanci."

Inna ta zo ganin jika ne da niyyar kwana bakwai, sai annoba ta sa aka rufe hanyoyi. Yau wata uku ke nan suna cunkushe a ɗaki biyu da falo. Jami'a ma a rufe take, don haka daga kan teburin guga Malama ke koyarwa, ta ɗora laftof bisa littattafai huɗu. Abin da ya fi hana ta sukuni kuwa, ranar Laraba za ta kare kundin digirinta na uku. Shekara shida tana fama da shi, kuma an rubuto mata ƙarara cewa wa'adinta ya cika. In ta fasa, shi ke nan, wahalar ta tashi a banza.

Mijinta ma'aikacin jinya ne a sashen masu cutar. Tun farkon annoba ya killace kansa a ƙaramin ɗaki, ko 'yarsa Beby bai sake ɗauka ba. Soyayyarsu ta koma ta bayan ƙyaure, ita ta jingina ta nan, shi ta can.

Ranar Litinin Inna ta tsaya a ƙofar ɗanta ta ɗaga murya.

"Ka gaya wa matarka ta zaɓa, ko raino ko boko! Ni dai muddin na'urar can na kunne, hannuna ba zai ƙara taɓa yarinyar nan ba."

Malama ta sulale a jikin ƙyauren, hawaye na zuba. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, don ita a ganinta ba ta taɓa fifita takarda a kan 'yarta ba.

"Masoyiyata, kuka kike yi?" mijin ya tambaya a hankali daga ciki.

"A'a, mura ce."

"Filis kar ki ƙara cewa mura a gidan nan, yanzu a zo a kwashe mu duka!"

Ba ta san lokacin da dariya ta kufce mata ba. Ya ce ta yi haƙuri, Inna faɗa gare ta amma ba mugunta. Malama ba ta mayar wa tsohuwar ko kalma ɗaya ba. Washegari ma ita ta shafa mata man zafi a gwiwoyin nan da ko salla sai a kan kujera. Abu guda kawai ta roƙa.

"Inna, don Allah gobe kada kowa ya bayyana a kyamara. In suka ga mutum a ɗakin za su ce amsa ake ba ni, su soke jarrabawar."

"Wa zai shigo miki? Allah ya ba da sa'a," in ji Inna, tana taɓe baki.

Laraba da hantsi Beby ta tashi da zazzaɓin haƙori. Malama ta goya ta, ta karkata kyamara yadda fuskarta kaɗai za a gani. Farfesoshi biyar suka jeru a allo. Minti ashirin komai lafiya lau, sai Beby ta farka ta tsala ihu. Malama na jijjiga tana amsa tambaya, kalmomi na kakkauce mata, gumi ya jiƙa mayafinta.

"Za ki iya ci gaba, ko mu tsaya nan?" in ji shugaban zaman. Ta san tsayawa nan na nufin babu wata rana.

A falo, ƙofar ƙaramin ɗaki ta buɗe. Maigidan ya fito da takunkumi a fuska.

"Ina za ka?" Inna ta daka masa tsawa. "Daga wurin masu cutar za ka taɓa mini jika?"

"To Inna ya zan yi? Lokacin da nake jarrabawar jinya, ko tari kika hana a yi a gida. Har yaran maƙwabta kika kora daga ƙofa. Da ni ne a gaban kyamarar can, za ki zauna?"

Inna ta dubi jajayen idanun ɗanta, ta saurari muryar Malama da ihun Beby daga ɗaki.

"Koma ciki," ta ce.

Malama na tsaka da lalubo amsa ta ji ana kwance mata goyo. Ta saci kallon ƙasa. Inna ce a durƙushe! Tun daga bakin ƙofa ta rarrafo a kan gwiwoyin nan nata don kada kyamara ta gan ta. Ta ɗora yatsa a leɓe, ta zare Beby ta rungume, ta ja jiki da baya har ta fice. Malama ta gyara zama, ta ce, "Zan ci gaba, Farfesa."

Bayan awa biyu ta fito a guje ta zube gaban Inna. "Na ci! Inna, na ci! Sun ce Dakta!"

Daga bayan ƙyaure aka ji maigida na buga ƙofa da tafin hannu, yana dariya yana shessheƙa.

"To Dakta marar allura," in ji Inna tana goge ido da gefen zane, "tashi ki ɗauko man zafin nan. Gwiwoyina sun ci nasu digirin."

Mahaƙurci mawadaci, haka magabata suka ce. Da Malama ta rama faɗa da faɗa, da babu mai rarrafowa. Kuma duk macen da kuka ga ta kai ga digiri da goyo a baya, ku duba ƙasa da kyau, akwai wanda ya durƙusa dominta.