Zirnaƙon da Ke Jiran Suna

Rana ta yi ja lokacin da wata dattijuwa ta leƙo shagon masu feshin ƙwari.

"Ina Auta? Rina ce ta yi gida a sitona. An ce hannunsa ne mai kyau."

Wan Auta ya ji maganar kamar an caka masa tsinke. Shi ya koya wa ƙanen nasa riƙon famfon feshi, amma yanzu kowa Auta, Auta.

"Ya fita, Baba. Mu je, ni ne babba."

Ya saɓi tsani da famfo. Da ma da magariba ake kama su, sun dawo gida, sun lafa.

Siton yana bayan gida. Dattijuwar ta buɗe masa, ta ja da baya. Warin tsohuwar katifa da danshi ya buge shi. Ya ja hular raga, ya haska tocila can ƙuryar rufi.

Ba rina ba ce. Rina ja ce, siririya. Waɗannan baƙaƙe ne wuluk, kowane ya kai yatsa. Zirnaƙo. Gidan nasu ya kai girman tulu.

Amma shiru. Ko fiffike ɗaya ba ya motsi.

Ya hau tsani. Katako ya yi ƙara. Duk suka juyo da kawunansu gare shi lokaci guda.

Sai gunji ya tashi, ƙasa-ƙasa, har haƙoransa suna amsawa. A cikin gunjin akwai magana, kuma da muryarsa ake yin ta.

"Da me ya fi ka?"

Famfon ya suɓuce masa.

"Faɗi sunansa kawai," aka raɗa. "Mun san hanya."

A ransa ya hango shagon ba Auta. Mutane suna sallama, shi suke nema. Wani daɗi ya ratsa shi, mai sanyi, mai ban kunya.

Bakinsa ya buɗe da kansa.

Ɗaya ya ratso ragar, ya sauka a leɓensa, yana jira.

Ya datse harshensa da haƙori har ya ji gishirin jini. Tsanin ya goce. Ya rarrafo waje yana salati, gunjin na bin ƙeyarsa har bakin ƙofa.

Da safe Auta ya je da kansa. Yanar gizo-gizo kawai ya tarar a ƙuryar, da famfon yayansa a ƙasa.

Wan bai gaya wa kowa abin da ya ji ba. Amma tun daga ranar, duk sanda aka yabi Auta a gabansa, baƙin zirnaƙo ɗaya kan sauka a tagar shagon, ya zuba masa ido.

Sai wan ya yi sauri ya ce, "Allah ya ƙara masa."

In har zuci ya faɗa, ƙwaron kan tashi. Wasu ranakun yakan daɗe a wurin.