Aljihun Ɓoye a Rigar Kafinta

Kar-kar-kar-kar…

Amarya ta buɗe ido cikin duhu. Da fari ta ɗauka ɓera ne ya samu cokali yana wasa da shi. Ta miƙa hannu gefenta, ta ji ba mijinta, zanin gadon kuma jiƙe yake sharkaf da gumi.

Ta kunna fitila. Ga shi zaune a ƙasa ya jingina da ƙafar gado, kofin gilashi a bakinsa. Haƙoransa ne ke bugun kofin.

"Innalillahi! Maigida, me ya same ka?"

"Sukari…" ya ce da ƙyar. "Ko alawa… ko me…"

Kwanansu goma sha biyu da aure, ita da wannan kafinta. Ta san yana da ciwon sukari, ta san allurar da yake yi wa kansa kafin cin abinci. Ta kuma san ko ƙwayar sukari babu a gidan, don tun ranar da ciwon ya ɗauke mahaifinsa, Umma, mahaifiyarsa, ta rantse farin abin nan ba zai sake tsallako mata ƙofa ba. Shayin gidan ma salam yake. Baƙo kan sha ya yi godiya, amma ba ya neman ƙari.

Ita tela ce. Ta zazzage akwatin ɗinkinta, can ƙarƙashin zare da maɓallai ta samo alawa huɗu, irin wadda take rarrashin 'ya'yan masu kawo ɗinki da ita. Ta ɓare, ya tauna. Ta zauna tana kallonsa yana dawowa a hankali, kamar mai tahowa daga nesa, ka fara ganin inuwa, sannan kafaɗu, sannan fuska.

"Kin tsorata, zumata?"

"Kada ka zumata ni! Me ke nan?"

Ya share gumi. "Allurar saukar da sukarin jini take yi. In na yi ta ban ci sosai ba, ko na wuni ina jan zarto, sai ta zarce da shi ƙasa. Likita ya ce in riƙa yawo da sukari, ƙwara huɗu. A jira minti goma sha biyar, a gwada jini, sannan a ci abinci. In kuwa na suma, kada a ɗura mini komai, sai asibiti."

"To ina sukarin?"

"A shago, cikin gwangwanin ƙusa. Umma tun ina ɗan makaranta take laluben aljihuna, har yau ba ta yi ritaya ba."

Dariya ta so kuɓuce mata, hawaye ya riga ta.

"Don Allah kada ta ji," ya ce. "Ta ga abin da Baba ya sha. Ki yi mini alkawari."

Ta yi masa, sannan ta yanko masa burodi.

Washegari ta tisa shi gaba har wurin likita, aka rage masa allurar dare. Da suka dawo ta ja ƙofa, ta zauna a kan keken ɗinki. Rigunan aikinsa shida ne. Kowacce ta yi mata ɗan aljihu daga ciki, daidai ƙasan hammata, inda hannun uwa ba ya kaiwa, ta sa ƙwara huɗu a naɗe cikin takarda.

Wata huɗu aljihun nan yana aikinsa shiru. Ran nan ya dawo ya ce a saman tsani abin ya kama shi, yana buga rufin wani gida. Ya kama yatsanta da allurar ɗinki ta huhhuda, ya ɗora a goshinsa.

"Wannan ɗan yatsan ne ya sauko da ni, hasken idona."

Kiyashi ne suka tona asirin. Shekara bakwai ba su leƙo gidan ba, don ba abin da zai kawo su. Rannan da hantsi sai ga su a jere, sun ɓullo ta ƙarƙashin ƙofa, sun ratsa tsakar gida, sun hau bango, sun bi igiyar shanya, kowanne yana gaisawa da mai dawowa. Umma ta bi su a sunkuye, taki ɗaya-ɗaya, har cikin hammatar riga.

"Ke! Fito nan!"

"Na'am, Umma."

"Ɗinkin wa ne wannan?"

"Nawa ne."

"Sukari? A jikin ɗana? A cikin gidana?" Muryar Umma ta karye. "Me ya yi miki, 'yar nan? Na binne ubansa, shi ma so kike in binne shi?"

Amarya ta durƙusa. Maganar tana bakinta, alkawarin ya danne ta.

"Ki yi haƙuri, Umma."

"Abin da za ki ce ke nan?"

Umma ta sa reza ta farke aljihun riguna biyar, ta ƙulle sukarin a gefen zaninta. Ta leƙa ta katanga ta gaya wa maƙwabci mai mota ya zo da la'asar. Sannan ta juyo kan amarya. "Gidanku za ki koma da wannan ƙullin, iyayenki su gani da idonsu."

Ranar ba wanda ya ɗora tukunya.

Da azahar kafinta ya shigo daga shago, ya wuce ɗakinsa kai tsaye. Kullum a wannan lokacin abinci na jiransa a rufe, don haka ya wanke hannu ya yi allurarsa, sannan ya fito yana murmushi.

"Ina matan gidan? Yunwa fa nake…"

Ya same su a ɗakin Umma. Kafin ya rufe baki Umma ta cusa hannu a hammatarsa, ta fizge aljihu na shida.

"Umma, ni na sa ta yi shiru. Sukarin nawa faɗuwa yake yi, wannan ne maganinsa."

"Ciwon sukari, maganinsa sukari? Ni za ka mayar yarinya? Ta shanye ka, shi ya sa!"

Amarya ta ɗago. "Maigida… ka yi allurar?"

"Na yi."

Ta miƙe zumbur. "Bari in dafa ko…"

"Ba za ki sake taɓa mini tukunya ba!"

Ya yi rantsuwa, ya yi magiya, Umma tana kuka tana kiran sunan Allah. Lokaci yana ta tafiya. Amarya ba ta jin ko ɗaya cikinsu, goshinsa kawai take kallo. Sai ga gumin ya tsattsafo. Maganarsa ta soma harɗewa, ya zame ya zauna daɓas a tabarma.

"Kin gani ko!" Umma ta yi ihu. "Ya hau! Ɗauko masa allurarsa!"

Amarya ta tare bakin ƙofa da jikinta.

"Wallahi Umma, in aka ƙara masa allura yanzu gawarsa za mu ɗauka. Ki kore ni bayan nan, amma ki ba ni minti ɗaya!"

Ta ruga ta ɗauko na'urar gwajin jini, ta huda masa yatsa, ta juya fuskar na'urar wajen Umma.

"Arba'in da takwas."

Umma ba ta yi makaranta ba, amma waɗannan lambobin ta san su. Na marigayi mijinta ɗari huɗu suke nunawa. Shekara da shekaru addu'arta ɗaya, Allah ya sa na ɗanta ya zama ƙarami.

"Ashe… ƙaramin ma yana kisa?"

"Ya fi sauri, Umma. Kunce ƙullin, yana iya haɗiya tukuna!"

Yatsun Umma suka kasa. Ta sa haƙori ta kunce. Akwai kiyashi ɗaya a manne jikin ƙwarar farko, ta hure shi, ta ɗan tsaya tana kallon abin da ta tsana fiye da komai a duniya. Sannan ta sa wa ɗanta a baki da hannunta.

"Tauna, ɗana… tauna."

Suka jira minti goma sha biyar ɗin nan. Da aka sake gwadawa, tamanin da biyar.

"Tashi ki dafa masa wani abu," Umma ta ce a hankali. "A'a, zauna. Ni zan hura wutar."

Bayan ya ci, Umma ta zauna kusa da amarya a tabarma.

"Sau nawa abin ya kama shi?"

"Huɗu. Na yau ne na biyar."

"Ina kwance a ɗakin nan ina barcina, ke kina riƙe mini shi…" Ta kama hannuwanta biyu ta kifa fuskarta a ciki. "Na zage ki, kika yi shiru. 'Yata, ki yafe mini. Allah ya ba ki masu yi miki abin da kika yi mini."

"Haba Umma, ba komai wallahi…"

"Kai kuma shashasha," ta juyo kan ɗanta da jajayen idanu, "da ka mutu a saman tsani sai ka ce mini me?"

"Sai in ce ki yi haƙuri, Umma."

Ta ɗaga hannu kamar za ta make shi, sai ta jawo kansa ta haɗa da na amarya a ƙirjinta. Su uku suna kuka suna dariya, ba a gane na wa ya fi.

Aka yi sallama daga tsakar gida. Maƙwabci ne, mukullin mota yana lilo a yatsansa. Ya leƙo, ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya sosa ƙeya.

"Umma, ga mota can a ƙofa. Wai wane akwatin zan fara ɗauka?"