Ɗanyen Sabulun Alhaji Sodangi

Ina fargabar ɗora wa mutumin kirki laifin da ba nasa ba, saboda haka zan bi labarin nan a hankali.

Da hantsin Alhamis, Alhaji Sodangi, mai masana'antar sabulu a Ƙaura Namoda, wanda ya shekara goma sha biyu yana raba wa marasa galihu sabulu kyauta, ya kira Insifekta Armiya'u. An kwashe masa sabulun da zai cika katan ashirin daga rumfar shanya.

"Ba asarar ce ta dame ni ba," in ji Alhaji. "Ɗanye ne. Sai ya yi mako huɗu a rumfa kafin sodar cikinsa ta mutu. Idan aka wanke jariri da shi, fatarsa saluɓewa za ta yi."

Insifekta ya fara da Sa'ida, shugabar masu haɗa sabulun, ya tambaye ta ko a cikinsu ɓarawon yake.

"Mu, yallaɓai? Ko da safar hannu ba ma son taɓa shi. Sai dai wanda bai taɓa haɗi ba."

Tsoho maigadi ya ce motar kamfani kaɗai ta fita, bayan sallar asuba.

Aka kira direba Jelani. Insifekta ya miƙa masa hannu, shi kuwa ya miƙo tsintsiyar hannunsa.

"Abinci kake ci?"

"A'a, yallaɓai."

"To buɗe tafin."

Ya yi jawur, duk ya ɗaye.

"Ruwan batir ne. Zurmi na je, mota ba kaya."

Insifekta ya zagaya bayansa, ya dubi wuyansa, ya ga shi ma ya ɗaye. "Har bayan kunne ka shafa ruwan batirin?"

Jelani ya sunkuyar da kai. "Guda ɗaya na yi wanka da shi. Sauran na sayar wa wani mai shago a kasuwar Shinkafi. Wallahi ban san yana ƙuna ba."

Kafin azahar 'yan sanda suka isa shagon. Katan ashirin na nan a ɗaure, ko ɗaya ba a buɗe ba.

Alhaji ya yi hamdala. Da za a tafi da Jelani ofishin 'yan sanda, ya sa aka sayo masa maganin ƙuna. Sannan ya tara ma'aikata.

"Shekara shida Jelani yana jigilar sabulu, ban koya masa abin da yake ɗauka ba. Daga yau, direba ko maigadi, kowa sai ya yi mako guda wajen Sa'ida kafin ya kama aiki."