Sakiyar Da Sallau Ya Ƙi Yi

Hajara na tankaɗe da hannun hagu, don na dama ya daina ɗaguwa, sai ga sallamar surukinta daga bayan zana. Sarkin Aska Idrisa ke nan, wanzamin da rabin mazan Matameye suka bi ta ƙarƙashin askarsa. Kunya ta hana shi ganin matar ɗansa, amma ba ta hana shi sanin ciwonta ba.

"Iya, yaya kika ce kumburin yake?"

"Kamar ƙwan zabo, a nonon dama," in ji matarsa.

"Maruru ne. Sallau! Sa kibiya a wuta ka yi mata sakiya."

Sallau, ɗansa kuma magajinsa, ya sunkuyar da kai. Duk gidan shi kaɗai ya taɓa wurin.

"Baba, ba ruwa a ciki. Tauri gare shi, ba zafi, ga kaluluwa uku a hammata. A bar ni in kai ta wurin lokotoro, likitan Nasara, a Damagaram."

"La'ilaha illallahu!" Iya ta tafa hannu. "Gidan aska zai kai mara lafiya ga wuƙar Nasara? Gobe wa zai kawo mana ɗansa kaciya?"

"In ka fita da ita," in ji tsohon, "aje mini zabirata."

A ɗaki Hajara ta fashe da kuka. "Maigida, yi sakiyar nan kawai. Kada in zama sanadin raba ka da Baba."

"Ke da ko ƙaya ba kya yarda in cire miki, yau kibiya kike roƙo?"

Ta yi dariya cikin hawaye. "In suka yanke fa? Ka zauna da nono ɗaya a gida?"

"Ranar da na auro ki ban ƙirga ba."

Da safe ya aje zabira a zaure, suka hau kamiyon, babbar motar ɗaukar gyaɗa. Lokotoro ya yanke nonon, ya sa ɗan guntun naman a kwalba ya aika Dakar. Bayan wata biyu amsa ta zo, tafinta ya fassara: ciwon daji ne na kaluluwa, ya sauka a nono. Masu irinsa wasu su yi shekara ɗaya a duniya, wasu goma.

"Ita fa?" Sallau ya tambaya.

"Ya ce bai sani ba."

Sallau ya tashi a gidan magani, amma bai taɓa jin mai magani ya faɗi wannan kalma ba. Nan ya ji ya yarda da mutumin.

Suka dawo gida. Sallau ya koma dakon buhuna a kasuwa, uban ko gaisuwarsa ba ya amsawa. Maƙwabta suka riƙa zuwa dubiya da fuskar ta'aziyya. Biyu daga cikinsu Hajara ce ta je gaisuwar rasuwarsu. A shekara ta uku ta haifi Fati, ta shayar da ita da nono ɗaya, yarinyar kuwa ba ta kai ƙara ba.

A shekara ta shida, wata ranar kasuwa, tsohon ya tsaya a ƙofarsu tare da wani baƙo.

"Sallau! Wannan daga Tsauni yake. Matarsa ce ke da kumburi. Na taɓa, ba ruwa a ciki. Nuna masa inda ake hawa kamiyon."

"To, Baba."

Tsohon ya yi gyaran murya, yana kallon ƙasa. "Gobe kuma akwai suna a Kance. Hannuna ya fara rawa. Ka zo da wuri." Ya ɗaga murya kaɗan. "A gaida mai ɗaki da jiki."

Daga ciki Hajara ta amsa: "Jiki alhamdu lillahi, Baba!"

Ba duk wadda ta hau kamiyon nan ce ta dawo ba, kwana kuwa na Allah ne. Amma ku riƙe wannan, yara: biyayya ga iyaye ba ta ce a huda abin da ba a sani ba. Mai ƙauna ya ƙi cikin ladabi, ya haɗiye fushin gida da haƙuri, wata rana gidan ne zai zo ya yi masa sallama.