Fatar Akuya a Kotun Ƙirƙira

Batirin yana aiki shiru a kan teburin Kotun Ƙirƙira ta Sabuwar Kano. Iskar haidurojin na shiga ta gefe guda, ta ratsa wata siririyar fatar akuya da aka jeme da bagaruwa, lantarki ya fito, ruwa na ɗiga cikin kofi. Fatar ita ce sirrin. Kamfanoni da leda mai tsada suke yin nasu.

Shekara goma sha tara Injiniya Mamuda ya yi a kan fatar nan. A ciki gashinsa ya zube, a ciki matarsa Indo ta rasu, ita da ta jeme masa samfuri ɗari uku ba ta ga ko fitila ɗaya ta kama ba. Takardar mallakar ƙirƙira yake nema, don a kira abin Batirin Indo.

An hana shi a zagayen farko. Wai a fili abin yake, duk majemi zai iya hango shi. Shi ne ya ɗaukaka ƙara, ya kawo surukinsa Baba Tsalha, mahaifin Indo, tsohon majemi, ya zama shaida.

Alƙalin na'ura ne, ba ya gyangyaɗi, ba ya jin kunya.

"Mai ƙara," in ji na'urar, "ka tabbatar cewa babu majemin da basirarsa za ta kai nan?"

Mamuda ya dubi surukinsa. Tsohon na zaune, hannuwansa sun rine da shekara sittin na jima. A gabansa zai ce ya fi shi basira? Kunya ta sunkuyar da kan Mamuda tun kafin ya yi tunani.

"Ai ba wani abu ba ne. Aikinsu ne, kowa a majema zai iya."

"An rubuta. An kori ƙara."

Ba a ma kira shaida ba.

A bakin ƙofa, tsohon ya kama hannun rigarsa.

"Mamuda, ni ko batirin tocila ban iya sawa daidai ba. Tun jiya nake haddace yadda zan ce ba zan iya ba. Me ya hana ka faɗa?"

"Kuna wurin, Baba."

"To ai don Indo na zo."

Shekara na zagayowa, jiragen ƙasan birnin duk suka koma aiki da fatar akuya. Kamfanin da ya ƙera batirin ya raɗa masa suna B-40. Kullum Mamuda yakan hau, ya zauna kusa da injin. Wata rana wani fasinja ya yi masa bayanin yadda yake aiki, ya ce abu ne mai sauƙi.

"Haka aka ce," in ji Mamuda.